Yadda Mai Ɗura Harsashi da Hannunsa Zai Zaɓi Ƙwayar da Ta Dace da Farautar Mus

Mus ita ce mafi girma a dangin barewar ƙasashen sanyi. Ana samunta a dazuzzukan Alaska da Kanada da arewacin Amurka, da kuma Suwidin da Norwe da Finlan da Rasha. Babban namiji a Alaska yakan kai kilo 600 zuwa 700, tsayinsa a kafaɗa ya kusa mita biyu. Na Suwidin bai kai haka ba, amma shi ma yakan haura kilo 400. Ga tozo, ga gashi mai kauri, ga ƙashin kafaɗa irin na ƙosasshen bijimin sa.

A waɗannan ƙasashe akwai maharba da yawa da ba sa sayen harsashin kanti. Inda doka ta yarje musu, sukan sayi kwanso daban, albarushi daban, firaima daban (ɗan maɓallin gindin kwanso da ke tada wuta), sannan ƙwaya daban, su haɗa a gida. Cikin kayan nan huɗu, ƙwaya ce kaɗai ke taɓa jikin dabba. Duk wahalar da ka sha wajen auna albarushi, idan ƙwayar ta tarwatse a kan kafaɗa, ko ta ratsa ba ta buɗe ba, ka jikkata dabba ta tafi ta mutu a inda ba za ka same ta ba. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne gudun da ƙwayar za ta kasance tana yi a lokacin da ta isa jikin mus. Da shi za ka auna kowace ƙwaya da aka tallata maka.

Fara da dokar inda za ka yi farauta

A Suwidin da Norwe da Finlan ba a yarda a harbi mus da ƙwayar da aka rufe kanta ruf da ƙarfe, irin ta soja ba. Dole ta zama mai buɗewa idan ta shiga nama. Sannan akwai mafi ƙarancin nauyi da ƙarfi. Ƙa'idar da Suwidin ta daɗe a kanta ita ce: ƙwaya mai giram 9 zuwa 10 sai ta kai ƙarfin jul 2,700 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne) a nisan mita 100, mai giram 10 ko fiye kuwa jul 2,000 ya wadatar. Daga baya ƙasashen nan sun yi gyare-gyare, musamman don ƙwayar da ba ta da dalma a ciki, saboda haka nemi dokar bana daga hukumar farauta kafin ka sayi komai. Alaska ba ta ƙayyade nauyi irin haka ba, amma ta tsananta a kan nama: barin nama ya lalace a daji laifi ne babba, kuma wannan ma yana da alaƙa da irin ƙwayar da ka zaɓa.

Lissafin ƙarfin ba shi da wuya. Ka mai da nauyin ƙwaya zuwa kilo, ka raba biyu, ka ninka da gudu, ka sake ninkawa da gudu. Ƙwaya mai giram 10.1 da ke gudun mita 700 a daƙiƙa tana ɗauke da jul kusan 2,470. Ita kuwa mai giram 9.1, kafin ta cika jul 2,700 sai tana gudun mita 770 a daƙiƙa bayan ta riga ta yi tafiyar mita 100, abin da bindigar 6.5x55 (bindiga tana ɗaukar sunan girman harsashin da take ci) ke kaiwa da ƙyar. Yana daga cikin dalilan da suka sa maharban Suwidin suka saba da ƙwaya mai giram 10.1 a wannan bindiga.

Sai nisa, da gudun isowa

Tambayi kanka gaskiya: daga wane nisa za ka yi harbi? A arewacin Turai galibi da kare ake farautar, irin su Jämthund, ya tsare mus yana haushi har maharbi ya lallaɓo ta cikin itatuwa. Ko kuma a zauna a kan hasumiyar katako ana jiran 'yan kora. Harbin yakan kasance ƙasa da mita 100, wani lokaci ma mita 30. A Alaska da yankin Yukon na Kanada kuwa, mutum na iya hango namiji a ƙetaren fadama, mita 250 ko 300, babu hanyar matsawa.

Rubuta nisa biyu a takarda: mafi kusa da kake tsammani, da mafi nisa da ka amince wa hannunka. Daga nan nemo gudun ƙwayarka a waɗannan wurare biyu. Bindigar .30-06 tana fitar da ƙwaya mai giren 180 (giren shi ne awon nauyi da masu ƙera ƙwaya ke amfani da shi), wato giram 11.7, da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa. Ta .308 Winchester kusan 790. Ta .300 Winchester Magnum kusan 900. Ta 9.3x62, wadda Otto Bock ya ƙirƙira a Balin a 1905, tana tura mai giren 286 da kusan 720 kacal.

Kowace ƙwaya tana da iyaka biyu. Idan gudu ya yi ƙasa ƙwarai ba za ta buɗe ba. Ga yawancin masu dalma iyakar tana wajen mita 550 a daƙiƙa, masu jan ƙarfe zalla kuwa ya fi kyau kada su sauka ƙasa da 600. Idan gudu ya yi yawa, ƙwaya mai laushi takan wargaje. Mutane sun fi tsoron iyakar farko saboda suna mafarkin harbin nesa, alhali ta biyu ce ta fi cin maharban mus. Mai magnum, wato bindiga mai cin albarushi da yawa da gudu sosai, da ya yi kiciɓis da namiji a mita 40 shi ne ke cikin haɗarin ganin ƙwayarsa ta fashe a kan ƙashi.

Ginin ƙwaya

A nan ne aikin yake, don haka bari mu ɗan zauna.

Mafi tsufa kuma mafi arha ita ce ƙwayar da aka zuba dalma a cikin riga ta jan ƙarfe, ba tare da an manne su ba. Remington Core-Lokt, wadda ta fito a 1939, da Hornady InterLock, da Lapua Mega, da Norma Alaska duk 'yan wannan gida ne, kowace da dabararta ta riƙe dalmar kada ta zame. Kada wani ya raina maka su. Sun kashe mus da ba a san adadinsu ba, kuma a gudu matsakaici, kamar na 6.5x55 ko .308 ko 9.3x62, suna buɗewa da kyau su shiga da nisa. Sharaɗinsu guda ne: a ɗauki mai nauyi, a bar ta ta tafi a hankali. Da zarar gudun isowa ya haura mita 850 a daƙiƙa, riga na iya rabuwa da dalma, kowa ya kama gabansa, shigar ta taƙaita.

Irin wannan matsala ce ta haifar da ƙwaya ta biyu. A 1946 John Nosler ya je farautar mus a lardin Biritish Kolombiya na Kanada da bindigar .300 H&H, ya harbi wani namiji da laka ta bushe a jikinsa, ƙwayoyin suka kasa shiga yadda ya kamata. Ya koma gida ya ƙera ƙwaya mai ɗaki biyu, da katangar ƙarfe a tsakiya. Dalmar gaba tana buɗewa da sauri har wani ɓangare ya zube, ta baya kuwa tana kulle a bayan katangar, tana ci gaba da tura abin ciki. Ita ce Nosler Partition, wadda aka fara sayarwa a 1948. Takan rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, amma abin da ya rage ba ya tsayawa da wuri. Abin da nake so game da ita shi ne faɗin iyakarta: tana buɗewa a nesa inda gudu ya ragu, kuma ba ta wargajewa a kusa. Wanda bai san ko harbinsa zai zo a mita 30 ko 300 ba, da wuya ya yi nadamar ɗaukarta. Swift A-Frame ginin iri ɗaya ne, sai dai an manne dalmar gaba da riga, don haka ta fi tauri, ta fi dacewa da manyan magnum.

Na uku su ne waɗanda aka narka dalma ta manne da riga gaba ɗaya: Norma Oryx, Nosler AccuBond, Trophy Bonded ta Federal da makamantansu. Ko sun bugi ƙashi, riga ba ta rabuwa da ciki, kuma sukan riƙe mafi yawan nauyinsu. Oryx tana buɗewa da faɗi sosai, ta yi ɓarna babba a huhu, amma saboda faɗin nan sau da yawa akan tsince ta a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, ba ta fita ba. AccuBond siririya ce mai kan roba, ta fi riƙe gudu a nesa.

Na huɗu babu dalma ko kaɗan. Barnes ta fito da ƙwayar X a 1989, sannan TSX a 2003 mai tsagi a jiki don rage matsi, sai TTSX mai kan roba. Akwai Lapua Naturalis da Hornady CX. Bakinsu yana tsagewa ya buɗe, kusan ba sa rasa nauyi, kuma su ne suka fi kowa ratsa dabba su fita. Suna son gudu. A kusa ba abin da ke karya su, a nesa ne ake lissafi da su.

Akwai kuma waɗanda ba su da wuri a nan sam: ƙwayoyin gasar harbin takarda, irin Sierra MatchKing, da na harbin ƙananan dabbobi masu fashewa da zarar sun taɓa abu. Na gasar suna da daɗin harbi, suna tara rami ɗaya a takarda, shi ya sa suke yaudarar mai ɗura harsashi. Kamfanin da ke yin MatchKing da kansa ba ya ba da shawarar a yi farauta da ita.

Wata muhawara da ba ta ƙarewa a sansanin maharba ita ce ko ya fi kyau ƙwaya ta tsaya a ciki ko ta fita. A ganina ga mus fita ta fi. Dabba ce da ba ta cika faɗuwa nan take ba ko da an same ta a huhu. Takan tsaya kamar ba abin da ya faru, ko ta yi tafiyar mita hamsin ko ɗari. Gashinta yana shanye jini, ramin shiga kuma ƙarami ne. Rami na biyu shi ke zubar da jinin da za a bi. A Suwidin doka ta wajabta a iya kawo karen bin sawu cikin awa biyu bayan harbi, amma ko kare ya fi son ƙasa mai jini. Kuma duk wanda ya taɓa jin labarin fiɗar mus a cikin ruwan fadama mai sanyi ya san me ya sa ake son ta faɗi kafin ta kai bakin ruwa.

Nauyi

Bayan ka tsai da irin gini, sai nauyi. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne nauyin ƙwaya idan an gwada shi da kaurinta. Ka raba giren da 7,000, sannan ka raba abin da ya fito da kaurin ƙwayar a inci, ka sake raba shi da kaurin. Mai giren 180 a kauri .308 tana ba da 0.271. Mai giren 165 tana ba da 0.248, mai 200 kuwa 0.301. A kauri .264, mai giren 140 tana da 0.287, mai 156 tana da 0.320. Nan ne sirrin 6.5x55 yake: tun 1894 take aiki, ƙarama ce a ido, amma ƙwayarta doguwa ce mai nauyi ga kaurinta, tana huda nama ta yi nisa.

Ga ƙwaya mai dalma, nemi 0.270 zuwa sama. Wannan yana nufin giren 150 a .270 Winchester, 160 ko 175 a 7mm, 180 ko 200 a .30-06 da magnum ɗinta, 225 ko 250 a .338 Winchester Magnum, 286 a 9.3x62. Ga jan ƙarfe zalla, sauko mataki ɗaya: 165 ko 168 a .30-06 maimakon 180. Tunda ba ta zubar da nauyi, mai 165 za ta ƙare tafiyarta da nauyin da ya fi na mai dalma 180, kuma ka sami ƙarin gudun da take buƙata.

Mai farauta a Alaska yana da wani dalili na ɗaukar babbar bindiga da ƙwaya mai tauri, wato beyar, babbar dabbar daji mai haɗari, da ke zuwa wajen gawa. Wannan dalili ne mai kyau. Amma idan dukan bindigar a kafaɗa yana sa ka runtse ido kafin ka ja kunama, koma .30-06 ba tare da jin kunya ba.

Shin bindigarka za ta karɓe ta?

Tsagin da ke cikin bututun bindiga shi ke murɗa ƙwaya ta tafi a miƙe, kuma doguwar ƙwaya tana buƙatar murɗi mai sauri. Yawancin .30-06 da .270 suna juya ƙwaya sau ɗaya a inci 10, wasu .308 sau ɗaya a inci 12, 6.5x55 kuwa wajen inci 8. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayarsa ta fi tsawo a nauyi iri ɗaya. Bindiga mai murɗin inci 12 na iya kasa daidaita doguwar ƙwayar jan ƙarfe. Za ka ga ramukan takarda sun warwatse, ko sun fito a karkace. Masu ƙera ƙwaya sukan rubuta murɗin da ake buƙata a jikin kwali.

Duba kuma tsawon gidan harsashi. Ƙwaya mai dogon kan roba na iya tilasta maka ka tura ta can cikin kwanso, ta cinye wurin albarushi. Idan tsohuwar bindigar soja ce a hannunka, kamar Mauser ta Suwidin samfurin 1896 ko Krag-Jørgensen ta Norwe, yi amfani da jadawalin da aka ware wa tsofaffin bindigogi, mai ƙarancin matsi.

Ɗurawa da gwaji

Sayi kwali ɗaya-ɗaya na ƙwayoyi biyu, ko uku idan aljihu ya yarda. Nemo jadawalin da kamfanin ƙwayar ko na albarushin ya wallafa, irin su Vihtavuori, Norma, Hodgdon, Nosler ko Barnes, na wannan ƙwaya takamaimai. Kada ka ɗauki awon albarushin wata ƙwaya ka ɗora wa wata don nauyinsu ɗaya. Taurin riga da tsawon jikin da ke gogar bututu suna canja matsi. Awon da wani ya faɗa maka da baki kuwa, bar masa kayansa.

Fara daga mafi ƙarancin awon jadawalin. Ɗura uku-uku kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kowane awo ka auna shi a sikeli, kada ka wuce iyakar da aka rubuta. Bayan kowane harbi duba kwanson. Sakatar bindiga ta yi tauri wajen ɗagawa, firaima ta baje ko ta huje, wani tabo mai sheƙi ya fito a gindin kwanso: ko ɗaya daga cikinsu ka gani, tsaya, ka koma baya. Ƙwayar jan ƙarfe ba ta son a matso da ita dab da tsagin bututu. Barnes tana ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050, kimanin milimita 1.3.

Na'urar auna gudu ta zama dole a wannan mataki. Gudun da ke cikin littafi daga dogon bututun gwaji aka samo shi, naka na iya gaza shi da mita 20 ko 30 a daƙiƙa. Da gudun gaskiya za ka koma ga takardarka ta nisa biyu, ka ga ko ƙwayar tana cikin iyakokinta, kuma ko ta cika ƙarfin da doka ta nema.

Kada ka ƙone kwali uku kana neman rami ɗaya. Wurin huhu da zuciyar mus ya kai faɗin santimita 40. Harsashin da ke tara harbi biyar cikin santimita 4 ko 5 a mita 100 ya isa har ya yi saura. Gwajin shekara-shekara da Norwe ke yi wa masu farautar manyan dabbobi ma harbi biyar ne cikin da'irar santimita 30 a mita 100, bayan atisayen harbi 30. Tsakanin ƙwaya mai tauri da ke tara santimita 5 da mai laushi da ke tara 2, ɗauki mai taurin. Lokacin da ka rage, kashe shi wajen koyon harbi a tsaye da kuma saurin sake ɗana bindiga, domin ƙa'idar maharban mus ita ce muddin tana tsaye a ƙara mata.

Gwada buɗewarta da idonka. Jiƙa tsofaffin jaridu su kwana a ruwa, ɗaure su su kai tsawon mita ɗaya, ka harba daga nisan nan biyu a filin harbi mai tudun tare harsashi. Idan ka sami ƙashin kafaɗar sa daga mahauta, sa shi a gaba. Tono ƙwayar, wanke ta, ɗora a sikeli. Jarida ba nama ba ce, amma tana nuna bambanci tsakanin ƙwaya biyu: wadda ta rabu da rigarta, wadda ta ƙi buɗewa a nesa, wadda ta fi nisan shiga.

Maganar nama

Ƙwaya mai dalma tana barin ɓurɓushi a kewayen hanyar da ta bi. Hukumar kula da abinci ta Suwidin tana ba da shawarar a yanke duk naman da ya ɓaci, a ƙara da santimita 10 a kewayensa, a zubar. Ƙwayar da aka manne ta fi ta gargajiya ƙarancin ɓurɓushi, jan ƙarfe kuwa ya kawar da batun. Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 2019, Denmak ta bi sahu ga harsashin raifal a 2024. Gidan da ke cin naman mus duk tsawon hunturu, da yara ƙanana ko mai juna biyu a ciki, yana da hujjar zaɓar jan ƙarfe ko doka ba ta tilasta ba.

Harsashin da za a tafi da shi daji

Idan ka tsai da ƙwaya da awo, ɗura na farauta a sabon kwanso ko wanda aka harba sau ɗaya, ka matse shi tun daga wuya har gindi don ya shige bindiga ba gardama. Kwanson da ba a matse masa komai ba sai wuya ya dace da filin gasa; a daji, da sanyi da datti, yana iya ƙin rufuwa daidai lokacin harbi na biyu. A filin harbi, bakin bindiga yana kallon tudu, ka sa kowane harsashi a gidansa ka shigar ka fitar, ka ware duk wanda ya yi tauri.

Yawancin mutane da rani suke gwaji, farautar kuwa daga Satumba take farawa, a wasu wurare har cikin dusar ƙanƙara. Sanyi yana rage gudun wasu nau'o'in albarushi, don haka sake harba uku da sanyin safiya kafin tafiya, daga bututu mai sanyi, ka daidaita madubin bindiga da wannan harsashi kaɗai. Rubuta sunan ƙwaya, nauyinta, irin albarushi da awonsa, tsawon harsashi, gudun da ka auna da ranar ɗurawa a jikin akwatin. Idan za ka tsallaka iyaka ko ka hau jirgi, tambayi kamfanin jirgin da hukumar kwastan tun da wuri ko suna karɓar harsashin da aka ɗura a gida, kuma a cikin wane irin akwati.